Abincin kajin ƙwai: ka haɗa da kanka, ka sayi na kamfani, ko ka kai a haɗa maka?

Abinci shi ke cinye kaso mafi tsoka na kuɗin kiwon kaji, shi ya sa duk wanda kajinsa suka fara yawa sai ya fara tunanin sayen injin haɗa abinci. Kafin ka je wajen maƙera, fara da lissafi. Kazar ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 500 ke nan buhu biyu da ɗoriya na kilo 25 kullum. Kaji 1,000 kuwa suna cin kusan tan uku da rabi a wata.

Idan kajinka ba su kai dubu ba, sayi na buhu. Ka biya tsada, amma ka sayi kwanciyar hankali: an auna sinadaran, yau da gobe abu ɗaya ne. Duba ranar da aka yi shi, ka shinshina, kada ka tara abin da zai wuce wata guda. 'Yan tsaki kam, ko gonarka ta kai ina, a bar su da na kamfani a makonnin farko, don ƙaramin kuskure a lokacin nan yana bin kaza har ta girma.

Haɗawa da kanka ya fi ƙarfin mallakar injin niƙa da na gauraya. Tan ɗaya yana ɗaukar masara wajen kilo 520, waken suya da aka matse wajen 190, dusar alkama 170, garin dutsen laimston (mai ƙarfafa ɓawon ƙwai) 85, niƙaƙƙen ƙashi 25, sai gishiri kilo 3 da firimis (haɗin bitamin da ma'adinai) kilo 2.5, da ɗan methionine da lysine (sinadaran gina jiki). Ribar duk tana cikin masarar. Mai kaji dubu yana buƙatar buhu 18 na kilo 100 kowane wata, kuma sauƙin yana zuwa ne idan ya sayi na wata shida da kaka, a Dawanau ko kasuwannin ƙauye, ya adana. Wanda zai riƙa saye buhu-buhu a tsakiyar damina, ga dizal ga ma'aikaci, na kamfani ya fi masa.

Inda ake faɗuwa sananne ne. Masara mai danshi takan yi funfuna, gubarta ta taɓa hanta, ƙwai ya ragu ba a san dalili ba. Tunkuza ma haka. Ɗanyen waken suya yana hana narkewar abinci, dole a gasa shi. Firimis kilo biyu da rabi ba ya bazuwa cikin tan guda sai an fara cuɗa shi da kilo 20 na garin masara. Laimston ya yi kaɗan, sai ka ga ɓawon ƙwai ya yi laushi yana fashewa a kiret.

Hanya ta uku ita ce a ganina ta fi dacewa da mai kaji dubu zuwa dubu uku: ka sayi kayanka, ka kai wa masu inji su niƙa su gauraya, ka biya ladan kowane tan. Ba ka daskarar da jari a ƙarfe ba, ba ruwanka da gyara. Sharaɗin shi ne ka tsaya a kan sikeli ko ka tura wanda ka yarda da shi, ka auna kafin niƙa da bayansa, ka kuma riƙe takardar haɗin da likitan dabbobi ya rubuta maka. Kowace hanya ka koma, sauya abincin a hankali cikin mako guda, kana gauraya tsoho da sabo, kana rubuta kiret nawa ake kwashewa kullum.