Shagon kayan hannu da ke mutunta ɗan gari

Mu mutanen Maradi ba mu cika leƙa shagunan kayan gargajiya ba, don an ɗauka na baƙi ne, ɗan gari in ya shiga sai a yi masa kallon mai ɓata lokaci. Shagon masu sana'ar hannu da na raka ƙanwar maigidana daga Katsina sayen tsaraba bai yi mana haka ba.

Mai shagon dattijo ne, baduku. Yana tsakiyar ciniki da wasu baƙi muka yi sallama, amma ya dakata ya amsa, ya ce, "Hajiya, bismillah ku zauna, ina zuwa." Ya sa aka jawo mana benci, aka kawo ruwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne sanin kayansa da gaskiyarsa. Da ta ɗauki wata jaka, sai ya ce ta lanƙwasa ta, ta shinshina. Fatar jar akuyar Maradi ce, wadda ta yi suna har ƙasashen waje saboda laushi da ƙarko. Ya bayyana mata yadda majema ke jeme ta da bagaruwa, da yadda ake samo jan launi daga karan dafi. Ni da aka haifa a garin nan ma sai da na ƙaru. Da hannunta ya kai ga wata sarƙa irin ta Agadas, kafin ta tambaya ya ce, "Ɗiyata, wannan ba azurfa ba ce, ga ta azurfar nan, amma ta fi tsada." Da ya yi shiru da ta saya ba ta sani ba. Rabona da irin wannan bayani tun a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda aka buɗe a 1959, inda maƙera da dukawa ke aiki a gaban mai saye.

Akwai gyara. Ba a rubuta farashi a jikin komai ba, kuma baƙuwata da ta saba da naira ta rikice da lissafin dala da jika, sai da na riƙa fassara mata. Yaron shagon kuma hankalinsa na kan waya, ya miƙo mana kaya ko ɗago kai bai yi ba. Wannan ya sosa mini rai, don a gaban mai irin wannan ladabi yake koyon aiki. Canji ma sai da aka fita nema.

Mun tashi da jaka, da tandu, da ƙwarya mai zane, dattijon ya naɗe ƙwaryar da kyau don kada ta fashe a hanyar Ɗan Isa ta komawa Katsina. Wanda zai je ya riƙe ƙananan kuɗi, kuma ya nemi dattijon da kansa.