Man ƙuna mai azurfa: ya yi wa hannu aiki, fargaba kuwa sai da na nemi nata magani

Ana saura kwana 4 sallah, ina suyar ƙosan buɗa baki a gidanmu da ke unguwar Birni a Damagaram, kasko ya goce, mai ya kwararo mini daga gwiwar hannu har wuyan hannu. Maƙwabciyata ta rugo da ɗanyen ƙwai da man goge baki. Allah ya taimake ni ƙanena yana nan, ya hana, ya riƙe hannun a bakin famfo kusan minti 20, sannan muka hau kabu-kabu zuwa asibiti.

Can aka yi mini allurar tetanus, aka rubuta mini farin man ƙunar nan mai sinadarin azurfa, wato silba sulfadiyazin, kashi 1 cikin 100. Shi nake wa sharhi. Gaskiya ya yi abin da aka saye shi dominsa. Yana da sanyi in an shafa, kuma ciwon bai yi ruwa ba, bai yi wari ba duk zafin Damagaram. Sai dai ma'aikatan asibiti su tambaye ki kafin su ba ki: mai tsohon ciki, da jaririn da bai kai wata 2 ba, da wanda jikinsa ba ya karɓar magungunan sulfa, ba nasu ba ne.

Matsalata da shi ɗaya ce, amma babba. Kullum sai an wanke na jiya an sa sabo. Yana barin wani danƙo-danƙo mai ruwan toka a kan ciwon, ranar farko na ɗauka ruɓewa ne, na fashe da kuka. Tun asuba gabana ke faɗuwa. Ƙarar almakashi a cikin faranti kaɗai ta isa ta sa ni gumi. Da dare in yi mafarkin kasko, da rana in ji ƙaurin mai daga gidan wasu sai zuciyata ta hau dukan uku-uku. Na yi ta ɓoyewa, kar a ce ba ni da tawakkali.

Malamar da ke wanke mini ciwon ce ta gano. "Hajiya, kina barci kuwa?" Ta ce wanda ya zo a tsorace jikinsa a ɗaure yake, zafin ya fi cin sa, gobe kuma ya dawo da tsoron da ya fi na yau. Ta sa na riƙa shan maganin ciwo minti 30 kafin in zo, ta riƙa jiƙa bandejin sosai kafin cirewa, har ta bar ni in ɗaga bakinsa da kaina ina ja da numfashi a hankali. Wallahi wannan ya fi mini rabin tulin man.

A mako na 3 fata ta rufe, ƙaiƙayi ya karɓi aiki. Zan sake sayen man in likita ya rubuta. Suya dai har yau 'yata ke yi, ni ina daga bakin ƙofar madafa ina faɗa mata gishiri ya isa.