'Yan sa kai masu bin kadin wanda aka tsare: inda suke da rana da inda ƙarfinsu ya ƙare

Idan kaka ta yi, shanu suka gangaro fadamun Guri da Kirikasamma a jihar Jigawa ba a gama kwashe amfanin gona ba, kowa ya san abin da kan biyo baya: rikicin manoma da makiyaya, sannan kame. Mota ta shiga ƙauye ko ruga ta kwashi wanda ta tarar. A irin wannan rana ake neman lambar 'yan sa kai masu kare haƙƙi, waɗanda mutanen karkara ke ce wa 'yan hiyuman rayit. Hukuncinmu a kan aikinsu shi ne: a kwana biyun farko sun fi kowa amfani, daga nan kuwa sai dai su zama 'yan rakiya.

Dalilin kwana biyun yana cikin sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999. Wanda aka kama, dole a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu, sai fa idan kotu ta ga uzurin da ya sa aka wuce. Ɗan sa kai da ya san aikinsa, abin da zai fara tambaya shi ne ranar da ƙarfe nawa aka yi kamen, ya rubuta. Sai cikakken sunan wanda aka tsare da na mahaifinsa, caji ofis ɗin da aka kai shi, sunan ɗan sanda mai bincike, da kayan da aka haɗa aka tafi da su: babur, waya, kuɗi, dabba. Dangi kan raina wannan rubuce-rubuce, su a ganinsu a tafi wurin DPO kawai a yi roƙo. Amma da zarar an ɗauke mutum daga ƙaramar hukuma zuwa sashen binciken manyan laifuka a Dutse, wannan 'yar takardar ce kaɗai za a bi sawunsa da ita.

Inda suka fi burge mu shi ne wajen ɗaukar bayani. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta yarda a ɗauki bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa, in babu lauya, a gaban jami'in Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, ko wakilin ƙungiyar farar hula, ko wani da shi ya zaɓa. Ta kuma ce a samar da tafinta ga wanda ba ya jin Turanci. Ga Bafulatanin da Hausar ma kame-kame yake yi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don sau da yawa abin da ke ɗaure mutum shi ne takardar da ya dangwala wa yatsa ba a karanta masa ba. Zaman ɗan sa kai a kan benci kawai, da biro a hannu, yana canza yadda ake tambaya.

Haka nan suna da tasiri a kan abubuwa biyu da dokar ta haramta ƙarara: kama uba ko mata a madadin wanda ya gudu, da tsare mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Nan ba a bukatar lauya, tunatarwa cikin ladabi ta kan wadatar.

Kuɗi fa? Aikin kyauta ne, kamar yadda belin 'yan sanda yake kyauta a doka. Amma babur ba ya tafiya da ruwa. Na kirki zai faɗa tun farko cewa man zuwa da dawowa, da hoton takardu, da katin waya suna kan dangi, ya kuma tsaya a nan. Wanda ya ce a kawo "na shiga ofis", ko ya yanka kaso a cikin bashin da zai karɓo, dillali ne ya sa riga mai tambari. Katin shaida a wuya ba hujja ba ne, ko'ina ana buga shi. A tambaye shi lauyan da yake miƙa wa ƙara idan ta fi ƙarfinsa. In ya yi inda-inda, a nemi wani.

To, ga inda gizo ke saƙar. Idan an rasa rai a rikicin, tuhumar ta zama kisan kai, kuma wa'adin kwana ɗaya ko biyun nan bai shafi laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Majistare ba shi da hurumin yin shari'ar. Zai tura mutum gidan gyaran hali a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a, beli kuma sai babbar kotu. Ɗan sa kai ba lauya ba ne, doka ba ta ba shi damar tsayawa wa kowa a gaban alƙali ba. Abin da ya rage masa shi ne ya riƙe lambar ƙara da ranar da aka ɗage zama, ya kai takardun ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ya yi ta bibiya. A nan da yawansu ke sarewa, don fayil na iya kwana watanni, su kuma suna da gona da iyali. Laifinsu ɗaya da ba mu yafe ba: kunyar cewa "wannan ta fi ƙarfina". Sai dangi su zauna suna jira, har damina ta zagayo.

Zargin ta'addanci ya fi wannan tsanani, kuma yana iya faɗawa kan waɗanda suka yi gudun hijira daga Borno da Yobe, idan ba su da wanda zai shaide su a gari. Dokar Hana Ta'addanci ta 2022 ta ba Babbar Kotun Tarayya ikon amincewa a tsare mutum har kwana 60, ana kuma iya sabuntawa. Idan ma ba a san inda yake ba, hanyar da ta fi ita ce cike takardar neman dangi a reshen Red Cross na jiha. Ita ma kyauta ce, ana son sunan wanda ya ɓata da na iyayensa, wuri da lokacin da aka rabu, hoto in akwai, da lambar da ba za a canza ba.

Kan duka da azabtarwa, aikinsu rabi da rabi ne. Sun san Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 da ɗaurin da ya kai shekara 25, amma sukan makara wajen hujja. Shatar bulala da kumburi ba sa jiran kowa. A kai mutum asibitin gwamnati ranar da ya fito, a yanki kati, likita ya rubuta abin da ya gani, a ɗauki hoton raunin da rana tare da fuskar mai shi.

Sai Facebook. Matasan cikinsu na da saurin ɗora hoto da suna, wani lokaci ya sa manya su motsa, wannan gaskiya ne. Amma a ƙauyen da kowa ya san muryar kowa, bidiyon mai ba da shaida ya tona shi ke nan, kuma ambaton sunan wanda ake zargi kafin bincike na iya jawo ƙarar ɓata suna. Kada a ɗora komai sai mai abin ya yarda da bakinsa, yara da matan da aka ci wa zarafi kuwa ko an yarda a rufe fuska da suna. Takardun asali su zauna a hannun dangi cikin leda, ɗan sa kai ya tafi da hotonsu.