Hanyar Stankovic da ta Vidic: kai tsaye zuwa babbar gasa ko a yada zango

Dejan Stankovic da Nemanja Vidic duk ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Red Star da ke birnin Belgrade ce ta rene su, amma hanyoyin da suka bi wajen fita daga Sabiya sun bambanta.

Stankovic bai yada zango ko'ina ba. A 1998, yana ɗan shekara 19, ya tafi Lazio kai tsaye, a lokacin da gasar Italiya ke cike da manyan 'yan wasan duniya. Ya ɗauki kofin gasar a 2000, ya koma Inter Milan a 2004, inda ya ci Kofin Zakarun Turai a 2010.

Shi kuwa Vidic, wanda mai tsaron baya ne, Rasha ya fara nufa a 2004, ya yi kimanin shekara ɗaya da rabi a Spartak ta Mosko kafin Manchester United ta saye shi a Janairun 2006. Duk da wannan shiri, watanninsa na farko a Ingila sun yi masa wuya, kafin shi da Rio Ferdinand su zama katangar da ta kai ƙungiyar ga Kofin Zakarun Turai a 2008. Ya lashe gasar Firimiya sau biyar, ya kuma zama kyaftin.

A ganina, hanyar Vidic ta fi dacewa da mai tsaron baya, domin kuskurensa ɗaya yakan zama ƙwallo a raga, alhali ɗan tsakiya irin Stankovic yana da abokan da za su rufa masa asiri yayin da yake koyo. Branislav Ivanovic, wani mai tsaron baya ɗan Sabiya, shi ma ta Mosko ya bi kafin ya isa Chelsea a 2008.