Sharhi a Kan Wata Cibiyar Zane da Waƙa a Jidda

A cikin 'yan'uwanmu mazauna Jidda da Makka, da wuya ka ji mutum ya ce yana cikin damuwa. Abin da zai faɗa shi ne ƙirjinsa ya yi nauyi, ko wuyansa ya sage, ko barci ya ƙaurace masa. Irin waɗannan mutane ne wata ƙaramar cibiya da ke arewacin Jidda take karɓa, inda ake zama rukuni-rukuni, mata daban maza daban, a yi zane, a karanta baitoci, sannan a tattauna.

Zaman mata na halarta, kuma sashen zanen ne ya fi gamsar da ni. Malamar tana bin tafarkin Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan wanda ya rasu a 1961, wato a zana da'ira a cika ta da duk abin da hannu ya kawo. Ba ta tambayar ma'anar zanen, sai dai ta ce, "Hajiya, a ina kike jin wannan a jikinki?" Na ga wata dattijuwa ta danna gawayi har takardar ta yage, daga nan kafaɗunta suka sauka, numfashinta ya daidaita. Ga masu ganin abin baƙo ne, malamar takan ambaci Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, malamin da ya bayyana a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus cewa ciwon rai yana taɓa jiki, na jiki kuma yana taɓa rai.

Sashen waƙa kuwa bai kai ba. Da Larabcin littafi ake karanta baitocin, saboda haka Bahaushiyar da Larabcin kasuwa kawai ta iya sai ta koma 'yar kallo, alhali da an nemi ta rero waƙar daka ko ta bege da ta tashi da ita, da an ji abin da ke cinta. Haka nan ana gaggawar fassara mafarki da alamomin Jung, abin da ba ya kwanta wa wadda ta saba da fassarar Ibn Sirin.

Kuɗin zama ya fi ƙarfin mai aikatau, ko da yake ana rangwame ga wadda ta biya na wata guda. Tun a ƙofa suke faɗa cewa mai hawan jini ko ciwon suga kada ta bar maganin likitanta, kuma ta WhatsApp ake kama wuri.