Mita DT830 wajen saita TPS ɗin babur: inda take aiki da inda take gazawa

Yawancin baburan haya da ke kan titunanmu da kafireta suke aiki, amma manyan babura na hannu da ake shigowa da su, irin Suzuki V-Strom 650 da Yamaha FZ6, masu injekta ne, kuma kowanne yana da TPS. Na'ura ce 'yar ƙarama a jikin maƙogwaron totur, mai wayoyi 3: ɗaya tana kawo volt 5 daga ƙwaƙwalwar babur, ɗaya ta ƙasa ce, ta ukun tana mayar da labarin yadda aka murɗa totur. In ta goce, sai babur ya riƙa fizga a ƙaramin gudu, ko ya mutu da an saki totur, ko ya sha mai fiye da kima.

Mitar awon lantarkin nan DT830, wadda kusan duk mai sayar da kayan lantarki yake da ita, ta isa a saita TPS da ita? Ta isa, amma da sharaɗi.

Babban alherinta shi ne matakin 2000mV. A nan tana nuna awo da milivolt (mV), daidai da lamba uku bayan ɗigo a lissafin volt, abin da aikin yake buƙata ke nan, domin idan totur yana rufe TPS yakan ba da tsakanin volt 0.5 zuwa 1.1 gwargwadon samfurin babur, kuma ɗan motsi kaɗan yake canza lambar. Ainihin adadin a littafin gyaran babur ɗin ake duba shi, ba a aro na wani samfurin. A bari inji ya yi zafi, a daidaita silo, wato gudun inji idan an saki totur, a tabbata igiyar totur tana da sassaucin da littafin ya faɗa, sannan a kashe inji a bar makulli a kunne. A fara auna wayar volt 5 a matakin 20V. In an samu, sai a mayar da mita matakin 2000mV a koma wayar sigina, wato ta ukun nan, a sassauta kusoshi biyun da suka riƙe na'urar, a juya ta a hankali har lambar ta zauna. Wajen ɗaurewa lamba takan gudu, saboda haka a ɗaure wannan kaɗan, wancan kaɗan, ido na kan mita. A murɗa totur a saki sau da yawa, a ga ko tana komawa inda aka bar ta.

Wayoyin awon da suke zuwa da ita ba su da kirki. Bakinsu ya yi kauri, ba ya shiga bayan soket, kuma sukan tsinke ta ciki ba a sani ba. Gara a sa siririyar allura ta bayan soket a kama ta da maƙali. Kada a huda rigar waya, ruwa zai bi nan. Baƙar wayar mita kuma a kan wayar ƙasa ta TPS ɗin ake sa ta, ba a jikin ƙarfen babur ba.

Abin da ya fi damun mu shi ne batir ɗinta mai volt 9. Idan ya yi rauni, mitar takan nuna lamba sama da gaskiya, sai bakanike ya saita TPS a kan ƙarya. A sa sabo kafin a fara. A kuma duba ramin da jar waya take: in tana ramin 10A, wanda ba na awon volt ba ne, aka taɓa wayar volt 5 da ta ƙasa, an haɗa su kai tsaye, ana iya ƙona ƙwaƙwalwar babur.

Inda ta gaza ƙwarai shi ne gano TPS da ya cinye ta ciki. Fuskarta tana canza lamba sau 2 ko 3 ne a daƙiƙa, yankewar sigina kuwa ƙiftawar ido ce, sai ta wuce mita ba ta gani ba. Mita mai allura ta fi ta a nan: a murɗa totur sannu a hankali zuwa ƙarshe, wajen volt 4 da ɗoriya, in allura ta yi tsalle a hanya, na'urar ta mutu, saiti ba zai gyara ta ba. Masu V-Strom 650 kuma suna da wata hanyar tabbatarwa: in aka haɗa soket ɗin gwaji, C00, lambar da ke nuna ba matsala, yana fitowa a allon babur da ɗan layi a gefensa, kuma a silo layin a tsakiya ya kamata ya tsaya.