Hero da Leander: zanen Turner ko na Etty?

'Yar'uwa, kin tambaya wanne ya fi kama zuciyar labarin Hero da Leander, zanen William Etty ko na Turner. Dukansu Turawan Ingila ne, da fentin mai suka yi aikin, amma ba wuri ɗaya suka tsaya suka kalli labarin ba.

Tatsuniyar Girkawa ce. Hero mai hidima ce a ɗakin bautar Afrodita, allahiyar soyayya ta Girkawa, a garin Sestos, Leander kuma saurayi ne a Abidos, tsallaken mashigin ruwan Dardanel a Turkiyyar yau. Kowane dare yana iyo ya je wurinta, ita kuwa tana kunna masa fitila a saman hasumiya. Wani dare guguwa ta kashe fitilar, ruwa ya ci shi. Da gari ya waye ta hango gawarsa, sai ta faɗo daga hasumiyar.

Etty, a 1829, ƙarshen ya ɗauka. An riga an gama komai: gawar Leander a gaɓar teku, Hero kwance a kansa, gashinta ya baje cikin duhu. Ya matso da su dab da idon mai kallo, babu inda za ki kai dubanki sai kansu. Ki sani dai Etty ya yi suna ne wajen zana jikin mutum tsirara, nan ma hakan ne. Zanen yana hannun gidan adana zane-zane na Tate a Ingila.

Turner kuwa, a 1837, ya koma baya zuwa sallamarsu ta ƙarshe, lokacin da su biyun ba su san ta ƙarshe ba ce. Sai kin nema kafin ki gan su, 'yan ƙanana a bakin ruwa cikin inuwa. A hagu manyan gine-gine da matakala, daga sama Kupid, allan soyayya na Romawa, yana ɗaga fitila da wuta, wata yana kokawa da gajimare, a dama teku ta fara kumfa, aljanun ruwa suna jira cikin igiyarta. Mu masu kallo mun ga mutuwa tana tahowa, su kuwa hankalinsu na kan juna. Wannan ne yake sa tsigar jikina tashi. Zanen yana gidan adana zane-zane na National Gallery a Landan.

Labarin ya shiga ran mutanen zamanin sosai, har mawaƙi Byron ya tsallake mashigin da iyo a 1810 don ya gwada abin da Leander ya yi.

Ni dai na Turner na zaɓa. Etty ya sa na tausaya wa matattu biyu, kuma ya iya, ba na musu. Amma a labarin nan ruwa ne da dare suka raba masoyan, Turner kuwa su ya ba wa mafi yawan allon. In kin samu hoton, ki fara duban fitilar, sannan ki sauko da idonki zuwa bakin ruwa.